Cinikin Biri a Sama: Darasin da Fataucin Kifin Shak Ya Bar wa Masu Kiwon Kifi



Yau zan yi magana a kan kifin shak. Na san wani zai ce, to Malam, mu da ke Ƙafin Maiyaki ina ruwanmu da kifin teku? Babban ruwan da muka sani shi ne Tiga, sai Bagauda. Daga nan zuwa bakin teku a Legas tafiyar kusan kilomita dubu ce. Gaskiya ne. Amma ku ɗan yi haƙuri ku karanta har ƙarshe, domin abin da ake yi wa shak a kasuwannin duniya, irinsa ake yi wa aljihunmu a nan gida. Ni kuma sai da na sha a jikina kafin na gane.

YADDA AKA YI NI

Shekarata ta biyu da fara kiwo, na ga tallar wani mai ƙyanƙyasa a waya. Hotuna masu kyau, kifi ya yi ɓul-ɓul, ya ce haibirid ne na asali, wata biyar ya haura kilo. Na tura kuɗin fingalin 2,000. Da asuba direba ya sauke mini jarkoki a Kwanar Ɗangora, na leƙa ciki na ga abu yana ta wutsil-wutsil, baƙi-baƙi, kowanne bai kai ɗan yatsa ba. Na ce madalla. Me zan duba? Ɗan kifi dai ɗan kifi ne.

Sai da aka shiga wata na uku jikina ya fara ba ni. Abinci na tafiya, kifi ba ya tafiya. Na kira wani dattijo da ya daɗe a harkar, ya sa koma ya kamo guda biyar, ya shafa bayan ɗaya da yatsa ya ce, "Ɗana, wa ya ce maka wannan haibirid ne? Duba, fiffike ɗaya ne tun daga wuya har wutsiya. Tarwaɗa ce zalla. Kuma da ganin kan nan da ya fi jiki, ragowar tata aka haɗo maka." Na kira mai kifin, lamba a kashe. Har yau a kashe take.

Kuɗin fingalin ɗin bai dame ni ba kamar buhunan abincin da na zuba wata uku, da man janareto, da lokacina. Duk wanda ya taɓa kiwo ya san abinci ne ke cinye fiye da rabin jari, wani lokacin har kashi 70 cikin 100. In iri ya zo a gurɓace, kowane buhu da ka buɗe asara kake ƙarawa.

Tun daga ranar nake tambayar kaina: yaya mutum zai san ainihin abin da aka sayar masa, in ido ba zai iya bambancewa ba? A wajen neman amsar ne na ci karo da labarin shak.

ME AKE YI DA SHAK?

A ƙasar Sin da wasu maƙwabtanta akwai wata miya ta alfarma da ake yi da fiffiken shak, ana shanta a bukukuwan aure da manyan liyafa. Fiffiken ya fi naman tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka wasu masunta kan kama kifin, su yanke fikafikan, su jefa gangar jikin cikin teku. A busar, a cusa a buhu, a tura Hong Kong, wadda ta daɗe tana zaman babbar kasuwar wannan haja.

A 2006 wata mai bincike, Shelley Clarke, tare da abokan aikinta suka bi diddigin gwanjon fikafikai a Hong Kong, suka ƙiyasta cewa shak miliyan 26 zuwa miliyan 73 ne ake cinikin fikafikansu kowace shekara. A 2021 wani babban bincike ya nuna shak da danginsa na tsakiyar teku sun ragu da kashi 71 cikin 100 daga 1970. A wannan shekarar dai aka bayyana cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in shak da danginsa suna fuskantar barazanar ƙarewa.

Mu masu kiwo za mu fi kowa fahimtar dalili. Uwar tarwaɗa guda, in aka yi mata allura aka matse ta, dubban ƙwai take bayarwa, dubu goma-goma. Shak kuwa da yawansu haihuwa suke yi kamar akuya, bayan sun ɗauki shekaru kafin su balaga. Akwai wani mai doguwar wutsiya da yawanci 'ya'ya biyu kacal yake haifa. Dabbar da ke haihuwar biyu, a riƙa kwasarta da miliyoyi, ai ƙarshenta a bayyane yake.

Akwai yarjejeniyar duniya da ake kira CITES, wadda aka sa wa hannu a 1973 don sa ido kan cinikin dabbobi da tsirran da ke neman ƙarewa, kuma Najeriya na cikinta tun farkon farawa. A hankali aka riƙa shigar da nau'o'in shak ciki. A taron da aka yi a Panama a watan Nuwamba 2022 aka shigar da wani babban dangi gaba ɗaya, sama da nau'i 50. Ma'ana, ba a fitar da su daga ƙasa sai da takardar izini mai nuna cewa kamun ba zai cutar da irin ba.

To ga inda gizo ke saƙar. Doka ta ce wannan nau'i sai da izini, wancan babu laifi. Jami'in kwastan ya buɗe kwantena, ya tarar da dubban busassun fikafikai, wasu ma an feƙe fatar, an wanke sun yi fari. Ba kai, ba wutsiya. Mai kaya ya rubuta "busasshen kifi" a takarda. Ta ina zai fara? Shi da ni a Kwanar Ɗangora, ina leƙa jarka, duk jirgi ɗaya ya kwaso mu.

GWAJIN DA BA YA JIN RANTSUWA

Abin da ya canza wasan shi ne gwajin ƙwayoyin halitta, wanda aka fi sani da DNA. Yawancinmu a rigimar gado ko ta "ɗan waye" muka saba jin sa. Amma yana aiki a kan kowace halitta.

A taƙaice, kowane ɗan tsoka ko fata ko fiffike yana ɗauke da wani rubutu da aka gada daga iyaye. A 2003 wani masani a Jami'ar Guelph ta Kanada, Paul Hebert, ya kawo shawarar cewa ba sai an karanta rubutun duka ba. Akwai wani ɗan gutsure mai haruffa kusan 650 da ya bambanta daga nau'i zuwa nau'i, kamar layukan nan da ke jikin kwalin kaya a manyan kantuna. A yanki abu kamar ƙwayar shinkafa, a fitar da wannan gutsure, a ninka shi a cikin na'ura, a karanta, a gwada da na ma'ajiyar da masana suka tara. Sunan kifin zai fito, ko an busar da shi, ko an yanka shi gunduwa-gunduwa.

Tsakanin 2014 da 2015 wasu masu bincike, ciki har da Demian Chapman, suka yi wata dabara. Suka riƙa shiga shagunan Hong Kong suna sayen ɓarɓashin da ake yankewa in ana gyara fikafikai, wanda ake sayarwa da araha. Suka gwada guda 4,800. Suka samu aƙalla nau'i 76, kusan kashi ɗaya cikin uku na nau'o'in kuwa masu fuskantar ƙarewa ne. A 2018 Diego Cardeñosa da abokan aikinsa suka fito da gwajin gaggawa da ke iya gano tara daga cikin nau'o'in shak 12 da ke ƙarƙashin CITES a lokacin, cikin ƙasa da awa huɗu, kuma kuɗin sinadarin kowane gwaji bai kai dala ɗaya ba.

A watannin Afrilu da Mayu na 2020 kwastan na Hong Kong suka kama kwantena biyu daga Ekwado, tan 26 na fikafikai, wanda aka ƙiyasta na shak 38,500 ne. A takarda busasshen kifi aka rubuta.

Kada ku ɗauka abin na can nesa ne. A 2023 kwastan na filin jirgin saman Murtala Muhammed da ke Legas sun sanar da kama ƙunshin busassun fikafikan shak da za a fitar, tare da busassun al'aurar jakuna. Kafin nan, a Satumbar 2022, a wannan filin jirgi aka kama buhu 16 na al'aurar jakuna za a kai Hong Kong. Jakan nan kuwa mun san daga ina ake lodinsu. Duk wanda ya girma a Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada ya san yadda jaki ya yi ƙaranci ya yi tsada a idonmu, har sai da Tarayyar Afirka ta amince da hana yanka jakuna don fatarsu a Fabrairun 2024. Hanya ɗaya ce, kasuwa ɗaya ce. Abin da ya ci jakinmu shi ke cin shak.

MU DAWO GIDA

Ga ra'ayina, kuma a kansa nake tsaye: sana'armu ta kifi da kaji cike take da cinikin biri a sama, kuma mun saba da shi har mun ɗauka haka Allah ya yi kasuwa. Wuri uku ne idonmu ba ya aiki.

Na farko, iri. Tarwaɗar da muka fi kiwo fiffiken bayanta ɗaya ne, dogo, ya kusa taɓa wutsiya. Ramboshi yana da biyu: na gaba mai ƙaya, na baya na tsoka ne zalla, babba. Haibirid, wato ɗan ruwa-biyun da ake samu in an haɗa su, yana da na bayan amma ƙarami. A babban kifi ko yaro zai gane in an nuna masa sau ɗaya. A fingalin mai sati huɗu, cikin jarka, da asuba, sai mai ido da haƙuri. Bayan haka, ita kanta tarwaɗar da ke ruwayenmu ba iri ɗaya ba ce. Akwai nau'i biyu masu kama da juna ƙwarai, waɗanda masana kansu sai sun buɗe kumatun kifin sun ƙirga ƙananan tsinkayen da ke ciki kafin su raba su.

Akwai kuma matsalar auren dangi. A ƙyanƙyasar tarwaɗa, yawanci sai an yanka namiji kafin a samu ruwan da za a barbari ƙwai da shi. Mai ƙaramin jari ba ya son sayen namiji daga wata gona kullum, sai ya sa hannu cikin kwaminsa ya ɗauko wa da ƙanwa ya haɗa. Bana haka, baɗi haka. A hankali sai ka ga 'ya'ya suna fitowa da karkataccen baya, ga saurin mutuwa, ga rashin girma. Kai da ka saya ba ka da hanyar sani.

Masu kaji ma ba su tsira ba. A irin kajin ƙwai masu ruwan ƙasa, tsakuwa mace jaja-jaja take fitowa, namijin kuma fari. Waɗannan fararen zakaru kusan kyauta suke a wurin ƙyanƙyasa. Su ne marasa tsoron Allah ke cusa wa sabon shiga a kwali da sunan burola. Sai an yi sati uku ana ɗura musu abinci ka ga ƙafa ta miƙe, ƙirji babu.

Na biyu, abinci. Garin kifi na cikin abubuwa mafi tsada a haɗin abincin kifi da na kaji. In an niƙa abu ya zama gari, wa ya san me ke ciki? A 2022 masu bincike a Singafo suka gwada abincin kyanwa da na karnuka da ake sayarwa a kantuna, suka samu ɓurɓushin shak a kusan kashi ɗaya cikin uku na samfuran da suka karanta, alhali ba kwalin da aka rubuta shak a jikinsa. In haka ta faru a ƙasar da ake ji da ita wajen bin doka, me kuke tsammani game da garin da ake auna mana a buhun da ba suna ba adireshi?

Na uku, banda. A nan mu ne masu sayarwa, don haka yatsan ya juyo kanmu. In aka naɗe kifi aka ƙyafe shi ya yi baƙi, mai saye a kasuwar Galadima ko a bakin titin Zariya maganarka kawai yake saye. Ka ce na Tiga ne alhali na tamfol ne. Ka ce jiya aka sauke shi alhali ya yi sati uku. Wanda ya yi kukan an cuce shi a fingalin, in ya juya ya yi wa mai sayen banda ƙarya, to shi da mai lambar da ke kashe ba su da maraba.

ABIN DA GWAJIN BA ZAI YI MANA BA

Ba zan yi muku daɗin baki ba. Gwajin nan ba maganin kowace cuta ba ne.

Wancan ɗan gutsure mai haruffa 650 ta wajen uwa kaɗai ake gadonsa. In ka kai haibirid, sunan uwarsa kawai zai fito, ba zai ce komai game da uba ba. Sai an yi wani gwajin daban da ke duba ɓangarorin biyu kafin a tabbatar ruwa-biyu ne, ko a gane iyayen 'yan uwan juna ne.

Sannan babbar cutar da aka fi yi mana ba ta nau'i ba ce. A kowace ƙyanƙyasa akwai masu saurin girma, akwai matsakaita, akwai tsumburarru. Ana tacewa ana sayar da na gaba, ragowar su zauna. Kifi mai wata uku da ya ƙi girma, a ido daidai yake da lafiyayyen fingalin mai sati biyar. Ka kai shi ɗakin gwaji za a ce maka tarwaɗa ce, kuma ba a yi ƙarya ba. Ranar haihuwa ba ta fitowa a wannan gwaji.

To in haka ne me ya sa na ɓata muku lokaci da labarin shak? Saboda darasin ya wuce na'ura. Shekara da shekaru mai kwantena yana rubuta abin da ya ga dama, don ya san ba mai iya ƙaryata shi. Ranar da ya ji ana iya tsintar fiffike ɗaya cikin dubu a faɗi sunansa kafin la'asar, lissafinsa ya canza. Ba kowane kwantena ake gwadawa ba. Sanin cewa ana iya gwadawa shi ne ke sa mai ha'inci ya yi tunani sau biyu. Mu a harkarmu har yanzu mai ha'inci ya san ba abin da zai biyo baya. Wannan ne ya kamata mu canza.

Kuma rashin shaida ya riga ya jawo mana asara a matakin ƙasa. Daga watan Maris 2018 Amurka ta rufe ƙofa ga tarwaɗar Najeriya, har da bandar da 'yan uwanmu mazauna can ke so, saboda ba a gabatar da cikakkun takardun da ke nuna tsarin duba kifinmu ya yi daidai da nasu ba. Ba a ce kifinmu ba shi da daɗi ba. An ce mu kawo shaida, ba mu kawo yadda ake so ba. Duniyar yau haka take: kasuwa mai tsoka ta wanda zai iya nuna asalin kayansa ce.

ME ZA MU YI?

Ga abin da nake yi yanzu, kuma nake ba duk mai shirin farawa shawara.

1. Ka je da ƙafarka. Gani ya kori ji. Kuɗin motar zuwa wurin ƙyanƙyasa bai kai kuɗin buhun abinci ɗaya ba. In mai kifi ya ce ba a shiga gonarsa, ka yarda da dalilin kare cuta, amma ka ce a nuna maka ko daga bakin ƙofa ne. In ya ƙi wannan ma, ka riƙe kuɗinka.

2. Ka ce a nuna maka iyaye. In haibirid ne, ina ramboshin? Mutumin da bai ajiye ramboshi ba, bai kuma iya faɗin inda ya samo shi ba, da me ya haɗa haibirid? Ka tambayi daga ina uwa ta fito, daga ina uba ya fito.

3. Ka tambayi ranar ƙyanƙyasa, ka sa a rubuta maka a rasit tare da nau'i da adadi da sunan gona. Mai gaskiya ba ya jin nauyin rubutu.

4. Ka ɗebo guda ashirin ka zuba a farin kwano da rana tsaka. Ka duba bayansu, ka duba ko girmansu ya zo ɗaya, ka duba ko kai ya rinjayi jiki. Ka ɗauki hoto.

5. Kada ka zuba jarinka duka a hannun mutumin da ba ka taɓa gwadawa ba. Fara da 200 ko 300. Sai an gwada akan san na ƙwarai.

6. Ka ajiye littafi. Duk sati biyu ka auna guda goma ka rubuta, ka rubuta buhun da ka buɗe. Wannan littafi shi ne ɗakin gwajin talaka. Da na yi haka a wancan karo, da tun sati na huɗu na farga, ba wata na uku ba.

7. In za ka sayar, ka faɗi gaskiyar kayanka. Ka sa suna da lamba a ledar bandarka. Wanda ya sa sunansa a kaya ya ɗaure kansa, kuma mai saye ya san haka, shi ya sa yake dawowa.

Sai kuma abin da ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Na'urar da ake ninka ƙwayoyin halitta da ita, irinta ce aka yi ta gwajin korona da ita a 2020, lokacin da aka buɗe ɗakunan gwaji a jihohi da dama har da Kano. Muna da cibiyar binciken kifin ruwan daɗi ta ƙasa a New Bussa. Muna da masu koyar da ilimin kifi a Jami'ar Bayero da jami'ar Wudil. Ga Bagauda a bayan gidanmu, wadda ta daɗe da suna a harkar irin kifi. A ɓangaren kaji, NAPRI da ke Shika ta fitar da Shika Brown, wanda ke nuna cewa in an sa kai, aikin iri ba ya gagarar mutanenmu.

Abin da nake kira gare shi shi ne, mu masu kiwo na Kiru da Bebeji da Tudun Wada da Doguwa mu haɗa kai a ƙungiya. Mutum ɗaya mai tamfol biyu ba zai iya biyan gwaji ba, ba zai ma san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba. Mutum hamsin za su iya. Mu je wa malaman nan da buƙata a rubuce: a duba mana iyayen kifin masu ƙyanƙyasar da muke hulɗa da su, ko sau ɗaya a shekara, a ga nau'insu, a ga ko 'yan uwan juna ne. Wanda ya yarda aka duba nasa, mu sa sunansa a jerin waɗanda ƙungiya ke saye a wurinsu. Wanda ya ƙi, ba mu zage shi ba, ba mu kuma kai masa kuɗinmu ba. Ɗalibai na neman abin da za su yi bincike a kai, mu muna neman amsa. Kowa ya samu.

Na san abin da wasu za su ce. "Malam, mutum na fama da kuɗin buhun abinci kana zancen DNA." Na ji. Amma tsadar abincin ce ma ta sa maganar ta zama dole. Lokacin da buhu ke da araha kana iya yin kuskuren iri ka farfaɗo. Yanzu kuskure ɗaya ya isa ya fitar da mutum daga sana'ar, ya bar shi da bashi. Matasa nawa muka sani da suka fara da zumuɗi, zagaye ɗaya suka naɗe tamfol, suna cewa kiwon kifi ƙarya ne? Da yawansu ba su yi sakaci da ruwa ko abinci ba. Tun daga jarka aka gama da su.

Wasu kuma za su ce, "Ai masu ƙyanƙyasa za su ji haushi." Na gari ba zai ji ba. Shi ne ma ya fi kowa cutuwa a yanzu, domin yana kashe kuɗi ya sayo iyaye daga nesa, ya ciyar da su shekara guda, sannan wani ya zo da ragowar tata ya karya farashi, mai saye kuma ba ya iya bambancewa. Duk tsarin da zai raba zare da abawa, ribar mai gaskiya ce.

Akwai kuma ruwan da muka gada. An kammala dam ɗin Tiga a 1974, aikin da aka faro zamanin Audu Baƙo, kuma tarwaɗa da ramboshi da karfasar da ke cikinsa da sauran ruwayenmu su ne rumbun da za a koma a ɗebo sabon jini ranar da na kwami ya gaji. In muka bari ana kwashe 'ya'yan kifi da raga mai ƙananan ido, ko muna sakin ruwa-biyun da ba mu san asalinsa ba yana gangarawa rafi lokacin damina, rumbun muke ɓarnatarwa. Masuntan teku ma sun ɗauka shak ba zai taɓa ƙarewa ba.

Ni dai na yi asarata, na kuma koyi karatuna da tsada. Ba na so wani ya biya irin kuɗin makarantar da na biya. Kafin ka tura ko sisi a bana, ka tambayi mai kifi abu uku: wane nau'i ne, su waye iyayensa, yaushe aka ƙyanƙyashe shi. In ya amsa ba tare da kame-kame ba, ya kuma yarda ya rubuta, ku yi ciniki. In ya fara rantse-rantse, ka yi masa sallama.

Wanda aka taɓa yi masa irin tawa, a kifi ko a kaji, ya ba mu labari don na baya su ɗau darasi, amma ban da kiran suna. Masu sha'awar maganar ƙungiya kuma mu ji daga gare ku.

Allah ya sa albarka a kiwonmu, ya haɗa mu da masu gaskiya.